Bin sawun igiyar maganaɗisu daga iskar rana zuwa na'urar da ke ƙasa

Aikin da aka ɗora mini a karatun digiri na biyu a fannin fiziks shi ne in ɗauki ɗaya daga cikin igiyoyin maganaɗisu masu jinkirin bugawa, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da ULF, in bi sawunta tun daga inda take tasowa a gaban magnetosfiya har zuwa inda take bayyana a bayanan na'urar auna maganaɗisu da ke ajiye a ƙasa, sannan in faɗi abin da ya same ta a kowane zango. Magnetosfiya ita ce yankin sararin samaniya da maganaɗisun duniya yake da rinjaye a cikinsa, kuma a ɓangaren da ke fuskantar rana iyakarta tana can nisan da ya ninka rabin faɗin duniya kusan sau 10, wato fiye da kilomita 60,000, tun da rabin faɗin duniya kilomita 6,371 ne. Igiyoyin da ake magana a kansu ƙanana ne ƙwarai da gaske. Ƙarfin maganaɗisun duniya, idan aka auna shi da ma'aunin da ake kira nanotesla, yana tsakanin 25,000 da 65,000 gwargwadon wurin da aka auna shi, amma girgizar da nake nema sau da yawa ba ta kai nanotesla ɗaya ba a ƙasashen da ke nesa da ƙurewar arewa da ƙurewar kudu.

Kafin in taɓa kowane irin bayani sai da na yanke shawarar wace igiya zan bi, domin ba hanya ɗaya suke bi ba. Tun a 1861 Balfour Stewart ya ba da rahoton irin wannan bugun daga abin da na'urorin tashar Kew da ke Landan suka ɗauka lokacin babbar guguwar maganaɗisu ta 1859, amma rabe-raben da ake aiki da shi a yau na 1964 ne, wanda Jacobs da Kato da Matsushita da Troitskaya suka tsara. Sun kira masu bugawa a jere cikin tsari Pc, marasa tsari kuma Pi, suka ƙara rarraba su bisa tsawon bugu ɗaya: Pc1 daga sakan 0.2 zuwa 5, Pc2 daga 5 zuwa 10, Pc3 daga 10 zuwa 45, Pc4 daga 45 zuwa 150, Pc5 kuma daga 150 zuwa 600. Na ajiye Pc1 gefe tun da wuri saboda tata hanyar dabam ce. Idan ta sauko takan shiga wani ziri a saman ayonosfiya, wato sashen iskar duniya na can sama da ke ɗauke da ƙwayoyi masu cajin lantarki, a daidai inda ƙwayoyin suka fi yawa, ta yi tafiyar dubban kilomita a kwance kafin ta ɓullo a ƙasa, ga shi kuma ana buƙatar wata na'ura mai naɗin waya kafin a kama ta yadda ya kamata. Na zaɓi Pc3, domin an san mafarinta, kuma akwai lissafin da mutum zai iya gwada ta da shi.

Mafarin nata yana wajen magnetosfiya ne gaba ɗaya. Iskar rana, wadda mafi yawanta ƙwayoyi ne masu caji, wato furoton da elektiron, da ke kwarara daga rana da gudun kusan kilomita 400 a sakan ɗaya, tana cin birki kwatsam a wani bangon karo da ke gaban magnetosfiya. Wasu furoton ɗin ba sa wucewa, bangon yana mayar da su baya ne, su bi layin maganaɗisun iskar rana su nufi inda suka fito, kuma cin karonsu da iskar da ke tafe shi ne yake haifar da igiyoyi masu bugun kusan sakan 30. Igiyoyin suna ƙoƙarin yin gaba zuwa wajen rana, amma gudunsu bai kai na iskar ba, don haka sai ta kwaso su ta dawo da su kan bangon. Abin da ya sa wannan bayani ya zama abin gwadawa shi ne cewa a farkon shekarun 1970 Valeria Troitskaya da abokan aikinta a Tarayyar Sobiyat sun nuna cewa saurin bugawar Pc3 a ƙasa yana bin ƙarfin maganaɗisun iskar rana, ta yadda idan aka ninka ƙarfin da aka auna a nanotesla sau 6, ana samun kusan saurin bugawar a milihaz, wato yawan bugu a cikin sakan 1,000. Bayan haka an san cewa igiyoyin sun fi samun shiga magnetosfiya idan layin maganaɗisun iskar ya kusa miƙewa daga rana zuwa duniya, musamman idan karkatarsa ba ta wuce digiri 45 ba.

Da waɗannan sharuɗɗa na shiga rumbun bayanan OMNI na hukumar NASA, wanda ke tattara awon taurarin ɗan Adam irin su Wind da ACE da ke can nisan kilomita miliyan 1.5 tsakaninmu da rana, ya kuma matsar da lokacin awon zuwa lokacin da iskar za ta iso gaban bangon, tun da tafiyar takan ci kusan awa ɗaya. Bayanan na minti ɗaya-ɗaya ne, saboda haka igiyar sakan 30 ba za ta fito a cikinsu ba, kuma da ma ba a can ake haifar ta ba. Abin da suke nunawa shi ne yanayin da zai haifar da ita. Na kauce wa ranakun guguwa, domin a irinsu komai yana girgiza a lokaci ɗaya, har na sami wata safiya da ƙarfin maganaɗisun iskar ya tsaya kusa da nanotesla 5 na tsawon sa'o'i, karkatar kuma tana ƙasa da digiri 45. Lissafi ya ce a nemi milihaz 30, wato bugu ɗaya a kowane sakan 33. Na rubuta wannan adadi a littafina kafin in buɗe bayanan ƙasa, domin a ganina duk wanda ya fara da kallon zanen bayanan ƙasa yana iya ganin abin da ransa ke so a ciki.

Zango na biyu shi ne cikin magnetosfiya, kuma a nan na dogara da THEMIS, taurarin ɗan Adam biyar da NASA ta harba a watan Fabrairun 2007, waɗanda ake samun awon maganaɗisunsu na kowane sakan 3, daidai da lokacin da kowannensu ke juyi ɗaya a kan kansa. Bayanan ba sa zuwa a shirye. Sai na fara fitar da matsakaicin maganaɗisun wurin ta hanyar lissafi, na cire shi, sannan na raba ragowar gida uku: ɓangaren da ke bin layin maganaɗisu, da wanda ke gicciye shi ta gabas da yamma, da wanda ke gicciye shi ta ciki da waje. Wannan rabon yana da muhimmanci saboda filazma mai maganaɗisu, wato iskar da ƙwayoyinta ke ɗauke da caji, tana ɗaukar igiyoyi iri biyu da suka shafi wannan aiki. Akwai igiya mai matsewa, wadda ke matse layukan maganaɗisu tana sakinsu, tana kuma iya ratsa su ta kowace fuska, ita ce ke bayyana a ɓangaren farko. Akwai kuma igiyar Alfvén, wadda Hannes Alfvén ɗan ƙasar Suwidin ya yi hasashenta a 1942, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1970. Ita ba ta matse komai, kaɗa layin take yi gefe da gefe, ƙarfinta kuma yana bin layin ne kawai ba ya tsallakawa zuwa na kusa da shi. Gudun duka biyun a magnetosfiya yana kamawa daga 'yan ɗaruruwan kilomita zuwa 'yan dubbai a sakan ɗaya, saboda haka ratsa kilomita 60,000 aikin kamar minti ɗaya ne. Da na yi wa ɓangaren matsewa lissafin Furiye, wanda ke rarraba girgiza bisa saurin bugawarta, sai ga tudu mai faɗi kusa da milihaz 30. A ɓangaren gabas da yamma kuwa, abin da ya fito shi ne wasu siraran layuka a jere a kan zanen, waɗanda ke sauya matsayi a hankali yayin da tauraron ke matsawa ciki.

Waɗannan siraran layuka su ne shaidar wurin da igiya ta farko ke miƙa ƙarfinta ga ta biyu. Tun a 1954 James Dungey ya nuna cewa layin maganaɗisun duniya, da yake ƙarshensa ɗaya yana cikin ayonosfiyar arewa ɗayan kuma a ta kudu, yana iya kaɗawa kamar tsirkiyar garaya da aka ɗaure ta kai biyu, wadda tsawonta da nauyinta ke tsayar da muryarta. Layukan da ke fita daga kusa da ƙurewar arewa dogaye ne, bugunsu na asali yakan ɗauki mintuna. Waɗanda ke fita daga tsakiyar Turai gajeru ne, nasu na 'yan gomiyoyin sakan ne. Nauyin kuwa shi ne yawan filazmar da ke kan layin. A 1974 David Southwood, da kuma Liu Chen tare da Akira Hasegawa, kowa a nasa aikin, suka bayyana yadda igiya mai matsewa ke tafe tana ratsa layuka har ta iso wanda bugunsa ya dace da nata, a nan sai ya karɓi ƙarfin ya kama kaɗawa gabas da yamma. Ma'anar wannan ga aikina ita ce, igiyar ba ta hanya ɗaya take isowa saman ayonosfiya ba: wani kaso yana gangarowa ta kan layin a matsayin igiyar Alfvén, wani kuma yana ci gaba da ratsowa kai tsaye a matsayin mai matsewa, kuma ayonosfiya ba iri ɗaya take yi musu ba.

Don in san tashar ƙasa da ta dace da tauraron, na yi amfani da tsarin lissafin Nikolai Tsyganenko na surar maganaɗisun magnetosfiya, na bi layin daga inda tauraron yake har inda ya taɓa ƙasa, ya sauka a arewacin Turai. Can kuwa akwai jerin tashoshin auna maganaɗisu na IMAGE, wanda ya miƙe daga ƙasashen bakin tekun Baltik ya ratsa Finlan ta Nurmijärvi da Hankasalmi da Oulujärvi da Sodankylä da Kevo har zuwa tsibiran Svalbard. Bayanan da aka fi samu na sakan 10-10 ne, wanda ya isa ya kama bugun sakan 33 amma da ƙyar, saboda haka na nemi na sakan ɗaya-ɗaya a duk inda akwai shi. Tsabtace bayanan ƙasa shi ne aikin da ya fi cin lokaci kuma ya fi ƙarancin daɗi. Dole a cire sauyin da maganaɗisu ke yi a hankali cikin yini, a tace duk abin da ke wajen zangon da ake nema, a kuma bi da ido a fitar da tsalle-tsallen da ba daga sama suke ba, domin mota ɗaya da ta wuce kusa da na'ura tana iya barin alamar da ta ninka igiyar sau da yawa. Ƙa'idar da na riƙe ita ce, duk girgizar da ta bayyana a tasha ɗaya kaɗai ba na karɓar ta.

Bayan tsabtacewa na yi amfani da hanyar kwatanta tashoshi biyu-biyu da ke kan layi ɗaya daga kudu zuwa arewa, hanyar da Baransky da abokan aikinsa suka fara a 1985, Waters da Menk da Fraser kuma suka inganta ta a 1991 a Ostireliya. Ana duba jinkirin bugu tsakanin tashoshin biyu a kowane saurin bugawa, inda jinkirin ya fi girma nan ne bugun layin da ke tsakaninsu. Sakamakon ya bi tsarin da ake tsammani, saurin yana raguwa yayin da ake matsawa arewa, tudun milihaz 30 kuma yana nan a duk tashoshin. Sai dai alamar kaɗawar layin ta fito ne a ɓangaren arewa da kudu na bayanan ƙasa, alhali a tauraron tana ɓangaren gabas da yamma.

Na kai wa malamin da ke duba aikina zanen biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, tauraron yana nuna gabas da yamma, tashar ƙasa tana nuna arewa da kudu, ga shi lokaci ɗaya ne, saurin bugawar ma ɗaya ne." Bai ko ɗaga kai sosai ba ya ce, "Na'urarka ta ƙasa ba ta taɓa ganin igiyar Alfvén ba. Je ka lissafa wutar da ke gudana a tsayin kilomita 110, sannan ka dawo mu yi magana."

Wannan lissafin ne ya zama zuciyar aikin. A sashen ayonosfiya da ake kira E, tsakanin tsayin kilomita 90 zuwa 150, iska ta fara yin kauri har ƙwayoyi masu caji masu nauyi suna yawan karo da ƙwayoyin iska marasa caji, yayin da elektiron, saboda saurin juyawarsu a kan layin maganaɗisu, suke tafiya kusan babu mai tare su. Da yake ɓangarorin biyu ba sa tafiya tare, duk wani turin lantarki da igiyar Alfvén ta sauko da shi yana haifar da kwararar wuta iri biyu. Ɗaya tana bin fuskar turin, ana kiranta kwararar Pedersen, ita ce ke rufe da'irar wutar da igiyar ta zo da ita ta kan layin maganaɗisu, ita ce kuma ke mayar da wani kaso na ƙarfin zuwa zafi. Ɗayar tana gicciye turin da layin maganaɗisu duka biyu, ana kiranta kwararar Hall, kuma tana zagayawa ne a cikin ayonosfiya ta rufe kanta. Naoshi Fukushima na Japan ya nuna a 1976 cewa idan layukan maganaɗisu suna sauka a tsaye, ayonosfiya kuma tana ɗaukar wuta daidai-wa-daida ko'ina, to maganaɗisun da wutar kan layi ke haifarwa da wanda kwararar Pedersen ke haifarwa suna kashe juna sarai a ƙarƙashin ayonosfiya. Abin da ya rage ga mai auna a ƙasa shi ne maganaɗisun kwararar Hall kaɗai, kuma da yake ita a gicciye take, alamar da take bari ta juya da digiri 90 daga ta asali. Jeffrey Hughes ya fitar da wannan juyawa ga igiyoyin ULF a 1974, shi da Southwood kuma suka faɗaɗa lissafin a 1976. Igiya mai matsewa ba ta yin wannan juyi, domin ba ta zuwa da wuta ta kan layi.

Na ɗauko yawan elektiron na safiyar daga tsarin lissafin ayonosfiya na IRI, na haɗa shi da kaurin iska, na fitar da yadda sashen ke ɗaukar wuta. Da rana ɗaukar wutar Pedersen takan kai simens 10 ko kusa da haka (simens shi ne ma'aunin ɗaukar wuta), da dare kuma a wajen yankin hasken orora, wato hasken da ke fitowa a sama kusa da ƙurewar arewa da ta kudu, takan faɗi ƙasa da 1. Ita ma igiyar tana da nata ma'aunin, wanda ya dogara da gudunta. Idan gudun kilomita 1,000 ne a sakan, ma'aunin kusan simens 0.8 ne. Idan aka raba bambancin lambobin biyu da jimillarsu ana samun kason da ke komawa sama, wanda da rana ya kai kusan 85 cikin 100 na girman igiyar. Wannan ne ya sa layin maganaɗisu ke iya ci gaba da kaɗawa na tsawon bugu masu yawa da rana, da dare kuwa, lokacin da lambobin biyu suka kusa daidaita, ayonosfiya takan shanye igiyar nan da nan. Girman abin da ake gani a ƙasa kuma yana bin rabon ɗaukar wutar Hall da ta Pedersen, saboda haka tashoshi biyu da ke ƙarƙashin igiya ɗaya suna iya ba da girma dabam-dabam idan ayonosfiyar da ke samansu ba ɗaya ba ce.

Sharaɗin daidai-wa-daida ɗin nan ya tilasta mini yanke wani kaso na bayanaina. Safiya na zaɓa, kuma a daidai fitowar rana gabashin sama yana ɗaukar wuta sosai alhali yammaci bai farka ba tukuna, don haka kashe junan da Fukushima ya bayyana ba ya cika, juyin ma ba ya zama digiri 90 daidai. Na bar sai abin da aka ɗauka bayan rana ta haskaka ayonosfiyar duk tashoshin. Ban tsaya ga lissafi kaɗai ba wajen gamsuwa da juyin, domin akwai taurarin da ke wucewa tsakanin magnetosfiya da sashen E, irin su CHAMP na Jamus da ya yi aiki daga 2000 zuwa 2010 da Swarm guda uku da hukumar sararin samaniyar Turai ta harba a Nuwamban 2013, kuma masu bincike a Hermanus ta Afirka ta Kudu sun kwatanta awon CHAMP da na tasharsu suka ga kaɗawar layin a gabas da yamma a sama, a arewa da kudu a ƙasa. Kwatancen yana da wuya, tun da irin wannan tauraro yana gudun fiye da kilomita 7 a sakan, yana tsallake layuka masu bugu dabam-dabam kafin ɗaya ya gama 'yan bugunsa.

Daga sashen E zuwa ƙasa akwai kusan kilomita 110 na iskar da ba ta ɗaukar wuta, kuma a nan maganar tafiyar igiya ma ta ƙare. Igiyar lantarki mai bugun sakan 33 da ke gudun haske tsawonta zai kai kusan kilomita miliyan 10, saboda haka wannan ɗan tazara bai isa ta yi ko motsi ɗaya a cikinsa ba. Abin da ke faruwa shi ne maganaɗisun wutar da ke sama yana miƙowa ƙasa nan take, yana raguwa gwargwadon ƙanƙantar zubin wutar a kwance. Na lissafa wa kaina misalai don in san iyakar abin da zan iya faɗa: zubin da ke maimaita kansa kowane kilomita 1,000 yana isowa da rabin girmansa, na kilomita 200 da kusan 3 cikin 100, na kilomita 100 kuwa da ɗaya cikin 1,000. Wannan yana nufin wurin kaɗawar layi, wanda siriri ne a sama, yana bayyana a ƙasa da faɗi fiye da gaskiyarsa da kuma rauni, kuma akwai igiyoyi masu ƙarfi, musamman masu kaɗawa ciki da waje da zubi matsattse, waɗanda taurari ke gani sarai amma babu tashar ƙasa da ke nuna su. Tun daga nan na daina ɗaukar shirun tashar ƙasa a matsayin hujjar cewa babu igiya a sama.

Ƙasar da na'urar ke zaune a kanta ita ma tana da nata hannun. Maganaɗisu mai sauyawa yana tayar da wuta a cikin duwatsu da ruwa, wutar kuma tana ƙara wa ɓangaren kwance girma tana rage na tsaye. Bugun sakan 30 yana nitsawa kusan kilomita 27 a dutse mai matsakaicin hana wuta, amma a ruwan teku bai wuce kilomita 1.5 ba, shi ya sa tashoshin da ke gaɓar teku ke nuna ɓangaren tsaye mai girman da ba daga sama ya zo ba, ni kuma na bar ɓangaren tsaye daga cikin kwatancena. Masu binciken cikin ƙasa wannan amsar ta ƙasa suke nema, bisa hanyar da Tikhonov ya kafa a 1950 da Cagniard a 1953, suna auna zurfin duwatsu da igiyoyin da ni nake ƙoƙarin raba su da tasirin duwatsun.

Mataki na ƙarshe shi ne in duba ko igiyar ta iso Najeriya, tun da Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa na'urorin tsarinta na MAGDAS a Ilori da Abuja da Legas a shekarun da suka kewaye 2007, suna awo kowane sakan, kuma bambancin lokacin rana tsakanin Abuja da tsakiyar Finlan bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. A nan kusan duk sharuɗɗan da na yi aiki da su sun faɗi. Ikwetar maganaɗisu, inda layukan suke a kwance ɗungurungum, tana ratsa Najeriya ta arewacin Abuja, layukan da ke samanmu kuma gajeru ne, kusan dukansu a cikin ayonosfiya suke, saboda haka babu igiyar Alfvén da ke gangarowa daga nesa, babu kaɗawar layi mai ɗorewa, babu kuma juyin digiri 90 irin na arewacin Turai. A madadin haka akwai kwararar wutar ikweta, wani siririn kogin wuta mai faɗin kusan kilomita 600 da ke gudana zuwa gabas da rana a tsayin kusan kilomita 105, wanda aka fara ganin tasirinsa a tashar Huancayo ta Peru bayan buɗe ta a 1922, Sydney Chapman ya ba shi suna a 1951, Cyril Onwumechili, masanin fiziks ɗan Najeriya, kuma ya shafe shekaru yana nazarinsa daga Ibadan. Dalilinsa shi ne, idan layuka suna kwance, kwararar Hall tana so ta hau sama ne, amma sama da ƙasan sashen E ba sa ba ta hanya, sai caji ya taru ya haifar da wani turin da ke ƙara wa kwararar gabas ƙarfi ninki-ninki.

Hanyoyi biyu ne igiya ke iya bi ta iso irin wannan wuri. Mai matsewa tana iya saukowa kai tsaye daga sama, ko kuma turin lantarkin da ya sauka a ƙurewar arewa ya biyo ta sararin da ke tsakanin ƙasa da ayonosfiya da gudun da ya kusa na haske, kamar yadda Kikuchi da Araki suka bayyana a 1979, ya tarar da ayonosfiyar ikweta mai saurin ɗaukar wuta ta ƙara masa girma. Don in bambance su na kwatanta Abuja da Ilori, da ke kusa da kogin wutar, da Legas da ta fi nesa da shi. Girgizar milihaz 30 ta bayyana a duka ukun, kusan kacokan a ɓangaren arewa da kudu, saurin bugawarta kuma bai sauya daga tasha zuwa tasha ba, abin da ya dace da igiya mai matsewa. A bugu masu tsawo na zangon Pc5 kuwa, tashoshin kusa da ikwetar sun fi Legas girma a fili, kuma sun motsa tare da na Finlan ba tare da jinkirin da tafiya ta cikin filazma za ta jawo ba. Da na buɗe bayanan daren ranar, lokacin da sashen E ya rasa mafi yawan elektiron ɗinsa, fifikon ya ɓace, Pc3 ma ta ɓace, sai wasu gajerun bugu na Pi2 masu tsawon sakan 40 zuwa 150 da suka bayyana a tashoshin uku da girma kusan ɗaya, a daidai lokacin da tashoshin arewacin Finlan suka nuna farkon wata ƙaramar guguwar orora.